Na Binne Kamfanin Baba Da Hannuna

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce ni ce muguwa a labarin nan, tunda na ce ina son mutum kuma ni na jefa shi cikin halin da ya shiga. Ban ji haushi ba. Yau zan ba ku labarin takardar da na sa wa hannu, in kun gama sai ku yanke mini hukuncin da kuka ga ya dace. Ban rubuta komai ba a lokacin, abin da kaina ya riƙe shi nake zuba muku.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Dafina. Mahaifina Metodi yana da gidan burek, wato gashin fulawa mai falle-falle da ake cusa wa nama ko cuku, a Thomastown, arewacin Melbourne, inda mutanenmu 'yan Makedoniya suka fi yawa. Ina da shekara goma sha biyar na bar makaranta na koma bayan kanta. Da na cika sha takwas Baba ya sa sunana a takardun kamfanin a matsayin darakta ta biyu, ba don na san wani abu ba, sai don ni nake karanta masa wasiƙun Turanci. Yayana Kire babbar mota yake tuƙawa a lokacin, ya ce shi ba zai tsufa da gari a gashin ido ba.

Burek ɗinmu ba murza shi ake yi ba. Ɗaga ƙullin ake yi a wulwula shi a sama har ya yi sirantakar da za ka karanta jarida ta cikinsa. Da kafaɗar Baba ta ƙi, ya yi wata tara yana neman mai iyawa bai samu ba, sai ya aika gida Makedoniya. Haka Naum ya zo daga garin Struga, ɗan wata mata 'yar ƙauyensu Baba, kamfaninmu ne ya tsaya masa aka ba shi bizar aiki.

Ba mai yawan magana ba ne. Kullum in an sauke tiren farko yakan yanke gefen da ya fi soyuwa, ya naɗe a takarda ya ajiye mini kusa da injin kofi, ya ce, “Ranki ya daɗe, Darakta, a ɗanɗana a ba mu maki.” Shekara guda muka yi ba abin da ke tsakaninmu sai wannan. Daga baya aka fara saƙon waya, aka fara raka ni tashar jirgin ƙasa duk da gidanmu da ƙafa ake zuwa. Baba ya gani ya yi kamar bai gani ba. Goggo Menka kuwa, ƙanwar Baba, ba ta iya gani ta yi shiru. A gaban mutane bayan coci takan ce da ni, “Ke kina tsammanin kyanki ya gani? Fasfo ya gani mai ƙafa biyu.”

Da Naum ya shekara uku, Baba ya nema masa zama na dindindin. Hukumar shige da fice ta ƙi, ta ce ba ta gamsu ƙaramin shago kamar namu yana buƙatarsa ba. Baba ya ɗauki wata lauya mai suna Ferraro, ta kai maganar kotun da ke sake duba irin wannan hukunci. Aka ce mu jira, layin dogo ne, wasu sai sun yi shekara biyu. Muka jira har muka daina tambaya. Ba wanda ya taɓa zuwa ko'ina, ba alƙali, ba sammaci. A gida “takardun Naum” muke ce wa abin, kamar yadda ake cewa takardun mota.

Tsakiyar watan Mayu, sanyi ya fara shigowa, Baba ya fita lambun da ke bayan gidanmu yana tuge busassun itatuwan tattasai. Mama ta kira shi cin abinci sau biyu bai amsa ba. Ni na leƙa. Ba zan rubuta abin da na gani ba, har yau ban iya ba.

Mama ba ta yi kuka mai yawa ba. Ta sa baƙin kallabi, ta kunna fitilar mai a gaban hoton waliyyin gidanmu, ta kama aiki. Ta ce ran mamaci kwana arba'in yake yi yana zagaya gidansa da wurin sana'arsa kafin ya wuce, kuma duk abin da ya ga an bari da sunansa riƙe shi yake yi. Rigunansa ta raba wa tsofaffin coci. Takalmansa ta ba mai wanke mana tire. Ta sa Kire ya kankare sunansa daga akwatin wasiƙa, ni kuma na yini a waya ina cire shi daga wutar lantarki da ruwa da rajistar mota. Duk ranar da ambulan ta zo da sunansa, sai Mama ta riƙe ta da hannu biyu ta ce, “Suna ta kiransa. Yaya za a yi ya tafi?”

Kamfanin kuwa sunansa Metodi da Iyali.

Kire ya ajiye babbar mota ya dawo shago, na kuma gode masa a kan haka har gobe. Ya buɗe sabon kamfani da sunansa, aka mayar da tanda da motar raba kaya da hayar shagon can. Saura tsohon, wanda ya zama fanko. Kwana biyu kafin arba'in, da la'asar, muna kicin, alkamar sadaka tana dahuwa a kan wuta, Mama tana ɓare gyaɗar da za a barbaɗa mata, Kire ya buɗe kwamfuta a kan teburin ya ce in zo in cika takardar rufe kamfani, tunda ni ce daraktar da ta rage.

Ina karantawa ina fassara wa Mama. Shin kamfanin ya daina aiki? E. Shin masu shi duka sun yarda? Mama ta gyaɗa kai, don rabon Baba ita ya bar wa. Sai na zo wurin da aka ce a tabbatar kamfanin ba ya cikin wata shari'a.

Mama ta ajiye gyaɗar. Ta ce, “Shari'a? Mahaifinku shekara arba'in da ɗaya a ƙasar nan bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Kotu ta ɓarayi ce da masu sakin aure. Rubuta musu haka.”

Kire ya yi dariya, karo na farko tun rasuwar, ya ce ba a ba da wurin rubuta wa'azi ba. Ni ma na yi murmushi. Na danna wurin tabbatarwar, na sa sunana a ƙasa.

Masu karatu, na sha komawa wannan la'asar a zuciyata. Naum yana cikin raina safe da yamma, amma a daidai wannan minti bai faɗo mini ba. Baba nake tunani. Ina ganin kamar wani ƙulli nake kwance masa a ƙafa.

Da takardar albashi ta fito da sabon suna a samanta, Naum ya kawo mini ita bayan an tashi, ya tambaye ni ko ya kamata a gaya wa lauya. Ina goge kanta a lokacin, ban ma ɗago ba. Na ce masa suna kawai aka canza, tanda ɗaya ce, ƙulli ɗaya ne, kada ya ƙara mana wani ciwon kan. Ya ce to, Darakta ta fi shi sani. Wannan ta fi ta farkon ci mini rai, domin shi ya tambaya.

Ƙarshen Agusta wasiƙa ta zo cewa an soke kamfanin daga rajista. Mama ta sa ta a ƙarƙashin fitilar mai, ta yi alamar gicciye, ta ce yanzu ya huta.

A watan Oktoba, wata Talata, ina jera kwalaben yogot a firji saƙon Naum ya shigo, alhali yana bayan shago, taku goma tsakaninmu.

“Lauya na nemanmu gobe ƙarfe goma. Ta ce lallai ki zo da kanki.”

Na rubuta, “An sa rana ne?” Na ma saka hoton zuciya.

“Ban sani ba. Muryarta ba daɗi.”

Ofishinta a Preston yake, saman wani shagon gyaran waya. Na sa baƙin siket da baƙar rigar sanyi ta Mama mai maɓallan azurfa, shi kuma ya sa farar rigar da yake zuwa coci da ita, har da guga. Matar ta yi mini ta'aziyya, sannan ta juyo mana da kwamfutarta. Layinmu ya zo, in ji ta. Bayan wata ashirin da biyu kotu ta ɗauko maganar, ta duba rajista kamar yadda takan yi, ta tarar babu kamfanin.

Na ce ai shagon yana nan, jiya ma mun sayar da tire goma sha huɗu.

Ta cire tabarau ta ce, “Dafina, a idon doka kamfani mutum ne. Yana da suna, yana da ranar haihuwa, yana iya kai ƙara. Wanda ya kai ƙarar nan ba Naum ba ne, ba kuma mahaifinki ba ne, kamfanin ne. Da mahaifinki ya rasu kamfanin bai mutu ba. Ranar da aka soke shi ya mutu. Wanda babu shi kuwa ba ya tsayawa gaban kotu.”

Ta ce Naum ma yana da tasa ƙarar ta biza, amma jingine take da ta kamfanin, in ɗaya ta faɗi ɗayar ba ta da abin dafawa, daga nan kwanaki kaɗan za a ba shi ya tattara ya fita. Na tambaya ko kamfanin Kire ba zai gaji ƙarar ba. Ta ce wannan wani mutum ne daban, jariri ne ma, ba ya shiga rigar wani. In zai nema masa daga farko, sai Naum ya koma gida ya jira, ba kuma wanda zai yi mana alkawarin zai dawo. Kotu ta ba mu kwana goma sha huɗu mu faɗi dalilin da zai hana ta rufe maganar.

Hanya ɗaya ta gani. A roƙi hukumar rajista ta mayar da kamfanin, in ta mayar, doka za ta ɗauka kamar bai taɓa mutuwa ba. Amma sai an haɗa abu uku. Kire ya mayar da aikin shagon ƙarƙashinsa. Mama ta sa hannu, tunda tana da rabo. Ni kuma in rubuta da sunana cewa abin da na tabbatar a takardar rufewa ba gaskiya ba ne. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce mai yiwuwa a karɓa a matsayin kuskure, mai yiwuwa kuma a hukunta ni, ba za ta rantse a kan ko ɗaya ba.

Har mun miƙe ta dube mu ta ce, in akwai wani abu tsakaninmu na gaskiya, wannan ma ƙofa ce daban. Naum ya ce mata sun gode, ya buɗe mini ƙofa.

A dandamalin jirgi na faɗa masa. Ban yi wani ado ba, na ce ya aure ni kawai mu huta. Ya kalli layin dogo. Sannan ya tuna mini abin da na sani, cewa ba a ɗaura aure a gidan da bai shekara da rasuwa ba, Mama ba za ta taka cocin ba, ni ma ba zan cire baƙi ba. Na ce akwai ofishin gwamnati, minti goma ake yi.

Ya ce, “Shekara biyu ina jiran takardar nan, kin san don me? Don in sa ta a aljihu in je gaban mahaifinki in nemi aurenki, goggonki tana zaune. In na aure ki yau, ta ci gari. Ke ma wata rana za mu yi faɗa a kan wanke-wanke ki kalle ni ki tambayi kanki.”

Na ce ba zan tambaya ba.

“Za ki tambaya, Dafi. Ni ma da ni ne zan tambaya.”

Bai ce mini ke kika jawo ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Ranar Lahadi bayan coci na faɗa wa gida, muna kan tebur, ga tukunyar wake da gasasshen tattasai. Kire ya dafe kai ya yi ta zagin takardu da masu ƙirƙiro su, amma daga ƙarshe ya ce in abin da za a yi ke nan a yi, don in Naum ya tafi shi wa zai wulwula masa ƙulli, shi da ya gwada sau ɗaya ya manna a silin. Goggo Menka ta ce ita dama ta faɗa, yaron nan sai ya kai gidan nan kotu, ga shi ya kai har da mamaci. Na ce mata na nemi ya aure ni ya ƙi. Sai ta ɗebi wake.

Mama kuwa ta bari aka kwashe kwanuka tukuna. Sannan ta ce ba za ta sa hannu ba. Ta ce daren arba'in ta yi mafarkinsa sanye da rigar aurensu yana tafiya bai waiwayo ba, ta san ya samu hanya. Yanzu a ce ta kira sunansa a mayar cikin littafin gwamnati, wasiƙu su dawo suna nemansa? Ta ce, “Na sallame shi da hannuna. Ba a binne mutum sau biyu, Dafina.”

Na so in ce mata takarda ce kawai. Sai na tuna ni ma haka na ce wa Naum, suna ne kawai.

Kwanaki suka yi ta tafiya. A shago muna aiki kamar ba komai, Naum yana yanke mini gefen burek yana ajiyewa, ni kuma in bar shi nan ya huce. Na rubuta tawa takardar a ofishin lauya ranar Laraba, shafi ɗaya da rabi, na faɗi komai har da alkamar da ke kan wuta. Lauyar ta cire maganar alkamar. A gida Mama ta daina zama inda nake. In na shigo kicin sai ta tuna tana da shanya.

Ranar Asabar, saura kwana uku wa'adin kotu ya cika, na kai ta maƙabarta kamar kowace Asabar. Safiya ce mai iska, furannin da muka sa wancan makon duk sun kwanta. Ta wanke dutsen da ruwan da ta zo da shi a jarka, ta kunna kyandir uku, iska ta kashe biyu. Ina tsaye a bayanta da takardar a cikin jaka. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Na dai tambaye ta ko ta tuna ranar da Naum zai taso, da mahaifiyarsa ta kira a waya tana kuka, Baba yana tsaye a bakin ƙofar kicin.

Ta ce ta tuna.

Na ce me ya ce mata?

Ta gyara lagwanin kyandir. Sannan ta ce, “Ya ce mata, daga yau ɗanki a wuyana yake.”

Na ce, “Mama, mun raba rigunansa, mun raba takalmansa. Wannan wa muka ba?”

Dutsen ta juya ta fuskanta, ta fara yi masa faɗa ƙasa-ƙasa yadda takan yi masa yana da rai. Ta ce shi kullum haka yake, ya fara abu ya bar wa mutane, rumfar inabi ma rabi ya bari. Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta ta sallame shi da tsabta, amma tunda ya ɗauki ɗan mutane a wuya bai sauke ba, to sai ya dawo ya tsaya a layi kamar kowa. Tana faɗa hawaye na zuba, wanda ba ta yi ba ranar jana'iza. Ta miƙo hannu ta baya ba tare da ta kalle ni ba. Na sa mata biro. A kan dutsen ta dafa takardar ta rubuta sunanta, Velika, harafi ɗaya bayan ɗaya.

A mota, tana gefe tana share fuska da bakin kallabi, na ɗauki hoton sa hannun na tura wa Naum. Na rubuta, “Ta yarda. Litinin za mu kai.”

Ya gani nan take. Alamar yana rubutu ta fito ta ɓace, ta fito ta ɓace. Har na tayar da mota sannan saƙonsa ya shigo.

“Ki gode wa Mama Velika, ki sumbaci hannunta a madadina. Amma kada ki kai. Na tambayi lauya abin da zai iya samunki in suka ƙi ɗaukarsa kuskure, ta gaya mini. Ba zan zauna a ƙasar nan a kan takardar da kika rubuta cewa kin yi ƙarya ba. Litinin ƙarfe tara zan je in janye tawa.”

Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira. Ranar Lahadi bai zo coci ba, abokin hayarsa ya ce ya fita tun safe. Na rubuta masa saƙo ya kai goma, na goge bakwai. Mama ta gan ni ina ta juya waya a hannu, ta tambaya, na karanta mata. Ta ce taurin kan mutanen Struga ba yau ya fara ba, ta tashi ta ɗauko baƙin kot ɗinta na fita unguwa ta rataye a bayan ƙofa.

Litinin, bakwai da rabi, muna zaune a kan matakalar ofishin lauya, ni da Mama, mai gyaran waya bai ma buɗe ba. Takardun suna kan cinyarta ta danne da jaka. Tara saura kwata na hango shi ya tsallako titi, da farar rigar nan, hannunsa riƙe da ambulan. Ya gan mu ya tsaya cak.

Na yunƙura zan tashi, Mama ta riƙe mini gwiwa. Ita ta miƙe, ta tsaya a tsakiyar matakalar, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka.

Ta ce, “Naum, na tayar da mijina daga kwanciyarsa saboda kai. In za ka hau ka janye, ga ni, sai ka fara ture ni.”